Zane Uku a Tukunyar Mama

Shekara talatin da takwas ina zaune da mijina Merv, ban taɓa hana shi shirmensa ba. Da ya yi ritaya daga aikin famfo ya ce zai koma dafa giyarsa da kansa, na ce Allah ya ba da sa'a, ko ba komai zai bar min falo in huta da minsharin rana. Ya ja tsohon firjinmu ya kai rumfar bayan gida, na yi shiru. Ya naɗe bututun jan ƙarfe kamar gammo, wai da shi zai riƙa sanyaya ruwan sha'ir, na yi shiru. Har tiyon da nake ba lambuna ruwa ya raba gida biyu. Wannan kam na yi magana, amma ba da yawa ba.

Tukunyar Mama ce ban yafe ba. Babba ce, ta farin ƙarfe, mai hannu biyu, a cikinta Mama take dafa jam ɗin lemo, abin shafawa a burodi, tun ba a haife ni ba. Mama ba ta taɓa rubuta yadda ake yi ba, kuma ba ta yarda da sikeli ba. Ƙusa ta sa ta ja zane uku a cikin tukunyar. Yankakken lemo zuwa na ƙasa, ruwa zuwa na tsakiya, sai a yi ta zuba sukari har ruwan ya taɓa na sama. Da zanen nan ta zo ta ɗaya a baje kolin garinmu sau goma sha ɗaya, ni kuma sau tara bayan rasuwarta. Ban taɓa auna su ba. Wa yake auna abin da ke gabansa kullum?

A watan Yuli, tsakiyar sanyi a ƙasarmu, 'yarmu Bronwyn ta haihu, na tafi na yi mata kwana biyar. Na dawo na tarar lemo ya nuna har yana zuba. Na hau kujera na duba saman kabad, babu tukunya. Tun kafin in sauko jikina ya ba ni.

A rumfa na same su, shi da abokinsa Clarrie, suna tsaye hannu a ƙugu kamar waɗanda suka ƙera jirgin sama. Ga tukunyar Mama a kan murhun gas, an huda mata gindi an ɗaura famfo, tana ta ƙyalli. Hudar ma da sauƙi, ana liƙewa. Sai na leƙa ciki.

Na ce, "Merv, ina zanen?"

Ya ce, "Wane zane? Au, ƙarce-ƙarcen nan? Ai na goge su. Kwana biyu ina fama da samfefa, duba hannuna. A irin nan ƙwayoyin cuta ke ɓuya, Noeleen, kowane mai dafa giya ya sani."

Ya faɗa yana murmushi, mutumin nan godiya yake jira.

Clarrie ya tsoma baki, "Gaskiya ne, uwargida. Ƙarce ɗaya sai ya tsamar da giyar gaba ɗaya."

Na ce, "Clarrie, matarka na nemanka."

"Ai ba ta gari."

"To, je ka jira ta."

Ya ɗauki hularsa ya fita sumui-sumui. Na juyo kan nawa.

"Shekara talatin da takwas kana lafta jam ɗin nan a burodi har yana ɗiga a gemunka. Ba ka taɓa tambayar yadda nake auna shi ba?"

"Na ɗauka a kanki yake." Ya sosa ƙeya. "Kuma sau ɗaya fa kike taɓa tukunyar a shekara."

"Kai ma sau ɗaya kake amfani da kanka a shekara, ban sa samfefa na goge shi ba."

Ban yi kuka a gabansa ba, sai da na shiga kicin. Abin baƙin cikin shi ne ba mugunta ya yi ba balle in tsane shi in huta. Kawai abin da yake nawa ne bai taɓa yi masa kama da abu ba.

Washegari ya sayo sabuwar tukunya da sikeli mai batir. Na kira Bronwyn ko ta tuna wani abu, ta ce, "Mama, ki duba a waya mana, akwai hanyoyin yin jam sun fi dubu." Na tambaye ta ko na kakarta na ciki, sai ta ce jariri na kuka.

Sau uku na gwada. Na farko ya fito tsululu, na biyu ya daskare kamar kwalta har cokali ya lanƙwashe. Na uku na kai baje koli a watan Oktoba, don lemon ya ƙare.

Ranar da aka buɗe zaure na je teburin jam. Kwalbata na can baya, ba katin nasara, sai 'yar takardar alƙaliya: sukari ya yi yawa. Taku goma daga nan teburin giya ne, ga shuɗin kati, na wanda ya zo na ɗaya, jingine da kwalbar Merv. Gwajinsa na farko a duniya. Alƙali har ya rubuta cewa giyar ta fita tas, da gani mai ita na tsabtace tukunyarsa. Mata suka yi ta dafa kafaɗata suna cewa ai gidanmu bai tashi a tutar babu ba. Na yi ta yaƙe har kumatuna suka gaji. Merv dai ya cusa katin a aljihu, muka kama hanyar gida.

Da safe na fito na ga tukunyar a kan teburin kicin. Ya cire famfon, ya liƙe hudar, aiki mai kyau, wannan ba a ƙwace masa ba. Kusa da ita ya ajiye ƙusa sabuwa.

Ya ce daga bakin ƙofa, "Na bar giyar. Ki mayar da zanen."

Na ɗauki ƙusar na zura hannu. Na ɗora bakinta inda nake jin na ƙasa yake, sai na ga kamar ya yi ƙasa da yawa. Na matsa sama. Na sake dawowa. Ƙarfen sumul ko'ina, ba abin da yatsa zai kama.

Na ce, "Zo nan. Kai ka kwana biyu kana kallonsu, duk duniya ba wanda ya kalle su kamarka. Nan ne, ko sama kaɗan?"

Ya matso ya leƙa, ya daɗe.

Ya ce, "Ban lura ba, Noeleen. Ni dai so nake su fita."