Baranda ta Gefen Hagu

Shekara ashirin da uku Perpetua Rebello ta yi tana wanki a manyan jiragen ruwa na masu yawon shaƙatawa. Ɗakin wanki kuwa a can ƙasa yake, ƙarƙashin ruwa, babu taga, sai zafin guga da rurin inji. Yanzu ta ajiye aiki, gwiwoyi sun fara ƙara, ita kuma ta kafe sai ta shiga jirgi a matsayin fasinja. Shi ya sa da hantsin Talata ta sa rigarta ta zuwa coci, ta tasa ɗanta Caitano a gaba zuwa wani ofishin sayar da tikiti a garin Margao.

Sanjana, yarinyar ofishin, ta shimfiɗa taswirar jirgin a kan tebur, ta juya ta wajen Caitano. Ai kowa ya ga tsohuwa da ɗanta malamin makaranta mai tabarau, ya san wa zai yi wa bayani.

"Hawa na biyar, tsakiya," in ji Caitano. "Nan ne ba a jin tangaɗi. Likita ya ce kada ta riƙa hawan bene. Baranda ba dole ba ce."

Perpetua ta sa yatsa ɗaya ta jawo taswirar gabanta.

"Ni zan kwana a ɗakin ko likita?"

"Mama, don Allah. A ofishin mutane muke."

"Na gani. Ba a makabarta muke ba tukuna, da za ka zaɓa mini rami."

Sanjana ta danne dariya, ta nuna wani babban ɗaki mai falo a hawa na goma. "Anti, ga wannan. Kowa rububinsa yake."

"Ƙarƙashin wurin rawa? Masu kwana nan da jajayen idanu suke tashi." Ta matsar da yatsa zuwa bayan jirgin. "Waɗannan kuma hayaƙi ke sauka a barandarsu. Tawul ɗinsu sai an wanke sau biyu. Na gaba kuwa kada ki ma fara, amai ake kwana yi. Zannuwan gadonsu ni na san abin da na kankare a jiki."

Yarinyar ta gyara zama. Daga nan ba ta ƙara duban Caitano ba.

"To ga wannan, Anti. Hawa na tara, gefen dama. In jirgi ya bar tashar Mormugao ya nufi Kochi, rana a gabanki za ta faɗi, kina zaune da shayinki."

"Rana na faɗuwa a bayan gidana kullum, ban taɓa biyan tikiti ba. Na hagu nake so. Lamba ɗari tara da sha huɗu."

"Barandarsa ƙarama ce. Ba abin gani ta can sai duwatsu da bishiyoyin kwakwa."

"Su nake so."

Caitano ya cire tabarau ya murza idanu. Shi haka yake tun yana ƙarami, ba ya ɗaga murya, sai dai ya yi sanyi har mutum ya ji kamar baƙo ne a gidansa. Kakarsa ce ta raine shi a ƙauyen Betul, can bakin teku. Uwar kuwa wata biyu take yi a gida cikin shekara, ta zo da cakulan da agogo, ta koma. Har yau yana mata ladabi irin wanda ake yi wa shugabar makaranta, kuma ladabin nan ya fi zagi ci mata rai.

"Rigima kawai kike so," in ji shi. "Me ke gefen hagu da babu a ƙasa?"

"Tudun Betul."

Hannunsa ya tsaya cak da tabarau a ciki.

"Kakarka ta gaya mini bara, kafin ta rasu," in ji Perpetua. "Shekara shida jirginmu na bin wannan hanya. Ta ce kowace Alhamis da la'asar kana gudu daga makaranta, ka hau tudun, ka cire farar rigarka kana kaɗawa har jirgin ya ɓace. Ka dawo ka ce mata na ɗaga maka hannu."

"Shirmen yarinta ne."

"Ranar da jirgi ya tsaya a tasha, zannuwa dubu biyu ke saukowa kaina. Ko matakala ba a bari in taka. Ban taɓa ganin tudun nan daga ruwa ba, Caitano, ko sau ɗaya. Kana can kana kaɗa riga, ni ina ƙasa ina ninke gadon wasu."

Sanjana ta sunkuyar da kai tana ta gyaran wasu takardu da ba sa buƙatar gyara. Perpetua ta rantse a ranta ba za ta yi kuka gaban yarinyar da ba ta wuce sa'ar 'yar cikinta ba. Baƙin cikin nan ta shekara tana ɗauke da shi, ba kuma za ta yarda a cusa shi a ɗakin da babu taga ba.

"To na ji," in ji Caitano a hankali. "Ki rubuta mutum biyu. Ba zan bar ta ta hau hawa tara ita kaɗai ba."

"Mutum ɗaya," in ji Perpetua.

"Mama..."

"Ban gayyace ka ba. Kai kana da aikinka." Ta juya ga Sanjana. "Wace rana yake tashi?"

"Alhamis, sha biyu ga wata. Ƙarfe huɗu."

Perpetua ta karɓi biro ta sa hannu da kanta, harafi bayan harafi, ba ta bar kowa ya nuna mata gurbin ba. Sannan ta rataya jakarta, ta dafa tebur ta miƙe, gwiwa na ƙara.

"Ka nemi izini a makaranta," ta ce wa ɗanta. "Ka sa farar riga, ka hau tudun. Wannan karon ina waje."

Caitano ya jawo taswirar, ya bi layin hagu da yatsa, yana ƙirga barandun daga gaban jirgin don ya san wacce zai duba.