Igwar da ke nuna rijiya

A ƙofar tantinsa, a hamadar da ke kudu da garin Alamain, Raslan ya gama ciniki da Ustaz Medhat na gidan tarihi. Shi zai kai su wurin tankar yaƙin da Turawa suka bari a filin kakansa su ɗauke ta, su kuma su yi masa ƙafar roba a madadin wadda nakiya ta cinye.

"Mai lanƙwasawa a gwiwa fa, Ustaz, ba taɓarya ba."

"Har rawa za ka taka da ita, ya Shehu."

Suka shafa Fatiha, magana ta ƙullu.

Dakhil, kawun Raslan, bai ɗaga hannu ba. Baƙo na tashi ya ce, "Ka sayar da idonmu, ɗan nan."

Raslan ya san abin da yake nufi. Tsakanin tantuna da rijiya nakiyoyi ne binne tun zamanin yaƙi, kuma hanya ɗaya ce tak: ka jingina baya da tankar, ka bi inda bakin igwarta ya nuna, kada ka karkace har ka dafa rijiya.

"Zan jera duwatsu, Kawu."

"Dutse ai tafiya yake yi. Ƙarfen nan ne kaɗai ya zauna."

Mutanen Medhat suka zo da mota mai ƙugiya. Suka tone yashi da hannu, suka naɗe igwar da bargo kamar majinyaciya, ko tsatsa ba su bari an kankare ba. Raslan kuwa yana dogara sanda, yana jera duwatsunsa. Da aka ɗaga tankar sai ga rami baƙi, kunamu na watsewa.

Medhat bai saɓa alkawari ba, ƙafa ta iso. Bayan nan ruwan sama, wanda a ƙasar da hunturu yake zuwa, ya sauko, kwari ya kawo, ya kwashe duwatsun, ya shafe ramin.

Raslan ya tsaya inda yake zaton nan ne tankar take a da, garkensa na kukan ƙishi a bayansa. Ko'ina iri ɗaya. Ya kora tunkiya gaba. Ta yi nisa har ya fara murmushi, sannan ƙasa ta tashi da ita.

Ya dubi sabuwar ƙafar, ya dubi ɗayar. Ya juya.

Gidan tarihi ya sami tanka, yara na ɗaukar hoto a gindinta. Raslan ya sami ƙafa. Mutanen Dakhil kuwa sun rasa rijiya, ga ta can suna hangenta, ba mai zuwa.