Gicciye Biyar a Bangon Mama Odil

Rakiyatu ta sake dukan ƙofar gidan Fada, limamin cocin unguwa, da tafin hannu har ƙarfen ya yi ƙara. Sai can Misiye Barnabe, katekis mai taimaka wa Fada, ya leƙo ta 'yar taga.

"Madam, ƙofar coci kike duka haka?"

"To ku buɗe mana! Mama Odil ce, maƙwabciyata. Tun safe numfashinta ke sama-sama. Ta ce a kira mata Mon Père, Fadanku, ya shafa mata mai kafin ta cika."

"Kin ga titi kuwa? Ana ƙona taya, sojoji na harbi. Mon Père ba ya fita. Addu'ar yau ma an soke ta."

"Ni daga sama na faɗo? Da ƙafata na zo!"

"Ke ai ba 'yar cocinmu ba ce. A turo wani daga danginta."

"Wane dangi? Ɗanta guda yana Bonaberi, ƙetaren kogi, an tare gada. Shekara talatin tana share muku coci, Misiye. Da kuke miƙa mata tsintsiya kun tambayi danginta?"

Taga ta rufe.

Juma'a ce, kwana biyar da 'yan tasi suka shiga yajin aiki a ƙarshen Fabrairun 2008, gari duk ya rikice. Kuma ana tsakiyar Karem, azumin Kirista na kwana arba'in. Rakiyatu ta koma unguwarsu, New Bell, ta lunguna, tana tsallake kwata, idonta na zafi, ba don hayaƙi kaɗai ba.

Bango ɗaya ne tsakanin ɗakinta da na Mama Odil, famfonsu ma ɗaya. Tun da ƙafafun tsohuwar suka gaza kai ta coci, sai ta roƙi gawayi a murhun Rakiyatu, ta zana ƙananan gicciye goma sha huɗu a jikin bangon tsakar gida. Duk Juma'ar Karem, ƙarfe uku, lokacin da 'yan cocinsu ke bin hanyar gicciye, suna tuna zango goma sha huɗu na tafiyar wanda aka gicciye, ita ma sai ta bi nata. Ta tsaya a kowanne, ta yi addu'a, ta goge shi da yatsa. Wani mako ta sake zanawa.

"Yana zuwa?" in ji tsohuwar daga kan gado.

Rakiyatu ta so ta yi mata ƙarya, bakinta ya ƙi.

"Ba ya zuwa, Mama. Matsorata ne, dukansu!"

"Kul, ma fille, 'yata. Ba a zagi a Karem."

"Ni ba na Karem."

Tsohuwar ta yi dariya, dariyar ta koma tari. Da ya lafa ta tambayi lokaci. Uku saura kaɗan.

"Ɗaga ni."

"Ki je ina? Ko ruwa ba kya iya haɗiya!"

"Bango. Jiya na zana su, ba zan bar su haka ba."

"Mama, kin san ba zan iya faɗar abin da kike faɗa ba."

"Wa ya roƙe ki? Ke dai riƙe ni, ki ƙirga."

Haka aka yi. Rakiyatu ta rungumo ta, ba ta fi nauyin tulu ba. Ɗaya. Tsohuwar ta yi ta magana ƙasa-ƙasa da harshen Basa, ta goge. Biyu. Uku. Daga wajen unguwar Nkololoun aka saki harbi, tsohuwar ko waiwaye ba ta yi ba. A na shida ta huta sosai. A na takwas Rakiyatu ce ta ɗaga mata hannun, tana cizon leɓe, tana ganin fuskar Barnabe a cikin tagar nan.

"Na nawa?"

"Tara, Mama."

"Nan ne mai ɗauke da gicciyen ya faɗi karo na uku," in ji Mama Odil. "Ya kuma tashi."

Ta goge, ta jingina kai a kafaɗar Rakiyatu. Rakiyatu ta jira ta ce a ci gaba. Ta daɗe tana jira kafin ta gane tsohuwar ta cika.

Washegari da hantsi titi ya buɗe. Sai ga Misiye Barnabe da farar riga a goge, littafi a hammata.

"Mun ji labari, Madam. Mon Père zai zo in an jima. Ta dai samu yin addu'a kafin…"

Rakiyatu ta miƙe. Ta ja shi ta hannun riga har bakin bango.

"Tara ta yi. Ni na ƙirga. Ga naku nan, biyar."

Ya dubi bangon, ya buɗe littafin, ya rufe. Ya ce zai je ya taho da Fada, ya fita da sauri.

Hadari ya fara haɗowa daga wajen kogi. Rakiyatu ta ɗauko tsohon kwanon rufi daga bayan madafa, ta jingina shi a bango, ya rufe biyar ɗin, ta tokare shi da dutse. Sannan ta zauna a bakin ƙofar Mama Odil, da baƙin gawayi a kafaɗar rigarta, tana jin yayyafi na sauka a kan kwanon.