Cikin 'Yar Toka

Ruwa ya shigo ƙauyen da hantsi. Ya fara cinye gonakin shinkafa na bakin fadama, ya ratso ta cikin ciyawar kacala, kafin azahar yana lasar dokin ƙofar Inna Saude. Mutanen wannan gefen na Guri sun saba da ambaliya, amma ta bana ko sallama ba ta yi ba.

Ɗanta Shu'ibu ya turo kwalekwale har tsakar gida. Ya riga ya kai matarsa da yara kan jingar tare ruwa, ya dawo ɗaukar tsohuwa da buhun irin shinkafa da ke ɗakin ajiya. Gona dai ta tafi, kowa ya gani. Buhun nan shi ne noman rani, shi ne tuwon baɗi. Iri ne da marigayi mijinta ya yi shekaru yana zaɓa zangarniya bayan zangarniya, ba a samun irinsa a kasuwa.

"Inna, buɗe mu ɗauka," in ji Shu'ibu. "Bangon nan ba zai kai la'asar ba."

Sai da ta kama sakata ta tuna da 'Yar Toka. Kwanakin baya ɓeraye sun addabi ɗakin, ita kuwa ta yi abin da kowa ke yi: ta jefa kyanwarta ciki, ta ajiye mata kaskon ruwa, ta ja ƙofa. Tana buɗewa kyanwar ta yi tsalle ta haye kafaɗarta, ta dira cikin kwalekwale. A nan Inna ta ga cikinta. Fata ce ta saki a gaban ƙafafun baya, tana reto hagu da dama kamar jakar da aka zazzage.

Inna Saude a ruga ta tashi, kuma ba ta bari a manta da haka. Ba a gaya mata zancen cikin dabba. Ta ga na saniya, ta ga na akuya, ta san yadda yake komawa idan abin da ke ciki ya fito. Kyanwa ce kawai ba ta taɓa riƙewa ba sai wannan, amma wa ya isa ya faɗa mata?

"Ta haihu," ta ce. "Shu'ibu, ta haihu a ciki!"

"Inna, buhun."

"Ni na kulle ta. Da hannuna na kulle ta!"

Tsoro ya kama ta, tsoro na gaske. Tun tana yarinya take jin abin da ke jiran wanda ya kulle kyanwa ya bar ta ta mutu. To ina ga jarirai, waɗanda ko ido ba su buɗe ba? Ta kutsa cikin ɗakin, ruwa har gwiwa. Ta tura hannu cikin tsohuwar randa, ta kifar da kwando, ta yaye tabarmar da aka naɗe a lungu. Tana yi tana kiran sunan Allah, tana tsotsar leɓe yadda ake kiran ɗan maraƙi.

Shu'ibu bai iya shiga ba. In ya saki gorar da ya kafe kwalekwalen da ita, ruwa zai tafi da shi, su kwana a nan. Yana riƙe yana roƙo.

"Inna, don girman Allah ki turo min buhun bakin ƙofa, sai ki yi ta nema!"

"Yi min shiru, ina jin su!"

Kuma ta ji ɗin. Wani siririn kuka, tsi-tsi-tsi, daga bayan buhun irin, inda aka ɗora shi kan katako. Ba ta yi tunani ba. Ta kama kunnen buhun da hannu biyu ta finciko. Ashe ɓeraye sun riga sun ci gindinsa. Ya faɗo, ya yage tun daga ƙasa, shinkafa ta kwarara cikin ruwa, ruwa kuma ya ja ta ya fita da ita ta ƙofa, ta gefen kwalekwalen Shu'ibu, yana kallo.

A bayan katakon, cikin yagaggen tsumma, 'ya'yan ɓera ne jajaye suna motsi.

Bangon gabas ya zaftare. Shu'ibu ya miƙa hannu ɗaya ya fizgo uwarsa cikin kwalekwale, tana turjewa tana cewa saura ƙarƙashin gadon kara ba ta duba ba. Ya yi ta tura gora har suka isa jinga. Ita kuwa kuka take, ba na shinkafa ba. Ta rungume 'Yar Toka tana ce mata ta yafe.

Washegari wani malamin dabbobi mai suna Misbahu ya zo duba awakin da aka tsallako da su. Inna ta tare shi da kyanwar a hannu, idanunta sun kumbura.

"Yaro, taimaka min. 'Ya'yanta sun nutse jiya. Ka ba ta wani abu kada nono ya sandare mata."

Misbahu ya karɓa, ya juya ta, ya shafa cikin a hankali. Ya daɗe yana dubawa, don ya ga halin da tsohuwar take ciki.

"Inna, wannan ba ta haihu ba. Duba nonon, a bushe suke, gashi ma ya rufe su."

"Kai, ka ga cikin kuwa?"

"Na gani. Fata ce kawai. Kyanwa in ta cika girma takan yi ta, mace da namiji. Haka Allah ya yi su, ba ciwo ba ne. Lafiyarta ƙalau."

Inna ta sake dubawa da kanta, ta matsa da yatsa biyu yadda ake gwada hantsa. Babu komai.

"Alhamdu lillahi," ta ce, har da ajiyar zuciya. "Ashe ba wanda ya nutse."

Sai ta juya don ta gaya wa Shu'ibu. Yana zaune a bakin jinga ya ba ta baya, yana kallon inda gonarsu take, yaransa na gefensa suna jiran a sauke tukunya. A lokacin ne shinkafar ta faɗo mata a rai, gaba ɗaya.

Ta zauna a ƙasa. Zanen jiya yana nan a jiƙe, ta jawo shi ta warware. Akwai ƙwayoyin da suka maƙale a ninkinsa. Ta shiga tsince su ɗaya bayan ɗaya tana zubawa a faifai. Da ta gama ba su cika tafin hannu ba. Ta baza su a rana, ta zauna tana korar kaji. 'Yar Toka ta zo ta miƙe a gefen faifan, ta baje cikinta tana lasa.