Ranar da Dulcie Ta Makara

Duk garin Wirrabilla talabijin ɗaya ce ke kama hoto, ita ce tamu. Wasu gidajen sun saya, amma tudun gabas ya tare musu, sai dai su zauna suna kallon yayyafi a gilashin akwatin. Mu kuwa otal ɗinmu bene ne, kuma mijina Merv ya kafa wata doguwar eriya a kan rufi wadda yake ji da ita fiye da yadda yake ji da ni. Sai ya ɗauki talabijin ɗin ya ɗora a ƙarshen kanta a babbar mashaya, ɗakin da mace ba ta zama.

Haka muka taso muka tarar. Maza su sha a gaba, mata su zauna a ɗan ɗakin baya ana miƙo musu lemo ta taga. Mace ba ta taka babbar mashaya sai in aiki ya kai ta, ni kaina sai da tire a hannu. Abin bai taɓa damuna ba, warin tabarsu da ƙaryarsu suna iske ni har kicin. Sai da aka ce ranar Litinin da tsakar rana Amurkawa za su taka wata, kuma za a nuna.

Anti Dulcie ce mai goge mana ƙasa. Shekara talatin da ɗaya tana zuwa ƙarfe shida na safe, ta fita kafin a buɗe ƙofa ƙarfe goma, tun zamanin uban Merv. Doka ɗaya gare ta, kowa a garin ya san ta: in ta jiƙa ƙasa, ba a takawa sai ta bushe. Ta taɓa bin wani mai kawo giya da mofa, sandarta ta goge ƙasa, har bakin motarsa, tun daga nan yake leƙowa kafin ya shigo. A lokacin da nake ba ku labari ta kusa saba'in, idonta ya yi yana, sai ta kawo abu dab da hancinta take gane shi.

Mijinta Clarrie makiyayin shanu ne, Allah ya jiƙansa. Ba ya rabo da ƙananan mujallun nan masu hoton kumbo a bango, a aljihun baya yake naɗe su. In ya sha kofi biyu sai ya fara: wata rana mutum zai yi tafiya a kan wata da ƙafarsa. Mazan mashaya suka mayar da shi abin wasa, musamman Snowy Dunstan mai aske tumaki, wanda ya raɗa masa suna Ɗan Wata. Da Clarrie ya shigo sai su ɗaga kai sama su ce, “Yaya mutanenku?” Clarrie ya yi dariya tare da su, ya koma gida ya kasa cin abinci. Ya rasu shekara goma sha ɗaya kafin ranar, har a jana'izarsa sai da wani ya ce ai ya koma garinsu.

Ranar Lahadi Dulcie ta sami Merv yana goge kofuna.

“Yaro, gobe a gaban akwatin nan zan zauna.”

“Haba Anti, ke ma kin san ba ni na kafa dokar ba. Sajan Pratley ma nan zai kalla. So kike ya karɓe min lasisi?”

“Ni ba giyarka na ce ka ba ni ba.”

“Zan buɗe muku taga, ku leƙo ta ɗakin baya.”

“Ta taga? Ni da ko hancinka ba na gani daga nan, duk girmansa?”

Merv ya shafa hancin, ya ce shi dai a yi haƙuri. Na san mijina. Ba shi da mugunta ko kaɗan, amma tsoron kakin ɗan sanda gare shi. Na so in sa baki, Dulcie ta girgiza min kai, ta ɗauki jakarta ta fita.

Litinin da safe ba ta zo ba. Karo na farko ke nan a shekara talatin da ɗaya. Merv ya yi ta leƙa titi, ya dawo ya kalli ƙasar mashaya: guntayen taba, tokar murhu, taɓon takalma, da giyar da ta bushe tana kama ƙafa. Na ce masa ga bokiti can, ya yi kamar bai ji ba.

Kafin sha ɗaya ɗakin ya cika maƙil. Masu aski sun bar tumaki rabi a aske, mai gidan waya ya rufe, har da mutanen da rabona da ganinsu tun ambaliyar bara. Sanyi ake yi, kowa da ƙatuwar riga. Snowy ya kame wuri mafi kyau, dab da talabijin, Sajan Pratley na gefensa ya ajiye hula a kanta. A ɗakin baya mata sun fi ashirin, suna ture juna a taga guda, abin da suke gani ƙeyar maza ce kawai. Aka yi ta jira, mutumin talabijin yana ta maimaita magana ɗaya, 'yan sama jannatin sun ƙi fitowa.

Sha biyu da 'yan mintoci ƙofar gaba ta buɗe. Sai ga Dulcie da rigar zuwa coci, da hula mai fure, bokiti a hannun hagu, mofa a dama.

“Anti!” in ji Merv. “Me ke nan?”

“Na makara, yaro. Tsufa ne. Ka yafe ni.”

“Yanzu za ki yi aikin? Ki bari sai gobe mana!”

“In bar wannan ƙazantar a ranar da duniya ke kallo? Ɗaga ƙafarka, Snowy.”

Ba ta jira ba, ta sheƙa rabin bokitin a gaban talabijin. Snowy ya yi tsalle da kofinsa. Ƙarti majiya ƙarfi, masu kayar da rago da hannu ɗaya, suka shiga ja da baya. Ta goge taku biyu, ta ƙara ruwa, su ƙara matsawa. Cikin minti goma rabin ɗakin na gaba ya zama nata, maza sun cushe a jikin bango suna taka juna. Ni ina bakin ƙofar kicin, na cusa gefen rigata a baki don kar dariya ta fito.

Merv ya koma kan Sajan yana raɗa, amma kowa na ji. “Ranka ya daɗe, ka gani dai, ba ni na kira ta ba.”

Sajan ya sosa haɓa. “Ka sayar mata da giya?”

“Ni? Ko ruwa ban ba ta ba.”

“To aiki take yi. Ni ban ga laifi ba.”

Ashe matan ɗakin baya sun ji. Ban san wadda ta fara ba, na dai ga suna wucewa ta kicin ɗina suna kwasar abin da suka samu. Wannan ta ɗauki tsintsiya, waccan tsumman kwanuka, matar mai kantin magani ta rasa komai ta ɗauki soson tukunya. Ta gaba-gaba matar Sajan ce, Glenys, da burushin murhu.

“Glenys,” in ji Sajan, “me ya kawo ki nan?”

“Aiki, maigida. Kai ka ce ba laifi.”

Dulcie ta bar su suka bi ta gefen da ya bushe, suka jeru a gaba, kowace tana goge abu ɗaya ba ta ko kallonsa. Ni ma na ɗauko tire, ba komai a kai, na shiga cikinsu. Dulcie ta kifa bokitinta dab da gilashin ta zauna a kai.

Sai hoton ya zo. Da farko a kife yake, wani daga baya ya ce a juya akwatin, aka ce ya rufe mana baki. Can ya daidaita. Gaskiya ba wani hoton kirki ba ne, baƙi da toka-toka, da wani abu mai kama da tsani. Dulcie ta matsa har hularta na taɓa gilashi, ta ja baya, ta sake matsawa. Ina kusa da ita, sai zuciyata ta karye, don na gane ba ta ganin komai.

Ba ta juyo ba ta ce, “Snowy Dunstan.”

“Na'am, Dulcie.”

“Idona bai kai ba. Zo nan ka gaya min abin da kake gani.”

“Ƙasar a jiƙe take.”

“Cire takalminka.”

Ya cire. Ya tako da safa, babban yatsansa a waje, ya durƙusa a gefenta.

“To, ina ji.”

“Wani ne... wani ne yake saukowa daga tsani.”

“Mutum ko aljan?”

“Mutum ne.”

“Yana ina yanzu?”

“Ya tsaya a matakin ƙarshe. Ya miƙa ƙafa. Ya... ya taka.”

“Ya taka ina?”

Snowy ya ce, “Ke ma kin sani, Dulcie.”

“Ban sani ba, ni makauniya ce. Ya taka ina?”

“Wata.”

“Kunnen ma ya fara tafiya. Ɗaga murya, na jikin bango ba su ji ba.”

“A kan wata!” Muryarsa ta fashe. “Mutum na tafiya a kan wata da ƙafarsa! Clarrie ya faɗa, mu ne jakunan!”

Sai ɗakin ya ɓarke. Maza na ihu suna dukan kanta, mata na tafi da tsummoki, Glenys ta rungume matar mai kantin magani. Merv ya manta da Sajan, ya manta da lasisi, yana ta share hanci da tawul ɗin kofuna. Snowy bai tashi ba. Ya ci gaba da gaya mata komai, ga shi ya ɗan yi tsalle, ga na biyun ya fito, ga su suna kafa tuta, safarsa ta jiƙe sharkaf bai kula ba.

Da aka watse na kai mata shayi a kicin, da burodi da man shanu. Ta cire hular ta ajiye a cinya. Na ce, “Anti, tsakaninki da Allah, ko ɗan motsi ba ki gani ba?”

“Hazo kawai, Beryl. Ko tsanin ban gani ba.” Ta juya cokali a kofin, ta daɗe tana juyawa. “Clarrie kuwa idonsa garau ne har ya mutu. Daga ƙofa ma da ya gani.”

Ta shanye shayin, ta tambaye ni inda na ajiye sabulu, don rabin ɗakin na baya ba a goge ba.