Haƙoran Liman Hayatu

Shekarar da jaki ya harbi Malam Hayatu, limamin wani masallaci a Ƙofar Kware, haƙoransa biyu na gaba suka zube. Karatunsa ya koma fito. Yara na bayan sahu suna danne dariya.

Abokinsa Tambari, wanda suka tashi tare tun makarantar allo, yana yi wa wani mutumin Saliyo aiki a Sabon Gari, mai sa wa mutane haƙora irin na Turawa. Shi ya ja shi can.

Abu ɗaya liman ya tambaya. "Tambari, da mi aka yin su? In ƙashin mushe na, ba ni shiga salla da shi."

"Tangaran na, Malam. Yumɓu gasasshe, irin na kwanon matarka Sadiyatu."

"Ka tabbata?"

"Ni zan cuce ka?"

Aka ɗaure su da siririyar waya. Karatu ya dawo, har baƙi na tsayawa saurare.

Bayan damina matarsa Sadiyatu ta dube shi yana tauna goro.

"Malam, haƙoran ga naka sun yi ja."

"Goro na."

"Kwanona na tangaran kullum cikinai nika jiƙa goro. Bai taɓa rinewa ba."

Ya kwance wayar, ya jefa ɗaya cikin garwashin murhu. Ƙaurin ƙashi ya cika tsakar gida.

Ya sami Tambari a zaure, ya ajiye masa ɗayan a kan tabarma.

Tambari ya sunkuyar da kai. "Na tangaran sun ƙare, jirgi bai kawo ba. Ƙashin saniya na, munka sassaƙa."

"Yankakka?"

"Ban bincika ba. Malam, mutane na yi maka dariya. Na san in na hwaɗi ba ka sa su."

"Ka sani ke nan."

Wannan ita ce cutar da ta fi ciwo, ta wanda ya san inda tsoronka yake, ya yanke maka hukunci a ɓoye, ya kira shi taimako.

Da azahar liman ya juyo ya faɗa wa jama'a komai, da giɓinsa a buɗe, kowace kalma na fito. Ba wanda ya yi dariya. Ya miƙa limanci ga na'ibinsa Tukur, ya koma sahu.

Tambari ya ci gaba da yi masa sallama, yana amsawa, don wajibi ne. Amma ba su ƙara sa hannu a akushi ɗaya ba.