Yatsun Aro

"Tsallaka yanzu, Kawu," in ji Fannami. "Yanzu."

Na danna, amma na makara. Mutumin da ke cikin tele ya sake zamewa daga kan gada ya faɗa ruwa. Fannami ya juya fuska ga bango. Tun hantsi muke kan gadar nan.

Ni tela ne, sunana Burahima, katanga ɗaya ta raba gidana da nasu a Gure. Na girme shi nesa, ban kuma taɓa riƙe manet, abin danna wasan bidiyo, ba sai da ciwon ƙoda ya kwantar da shi. Da yana da rumfa kusa da tasha inda yara ke buga wasan bidiyo, da la'asar kuma ya tafi filin makarantar lise ya horar da 'yan mata ƙwallon basket. Fayafayan wasannin dogon labari da direbobi ke kawo masa daga Kano da Yamai kuwa, tara su ya yi ta yi a kwalin shayi, wai sai ya samu sarari. Da sararin ya zo, yatsunsa sun kumbura, ba sa iya danna komai. Shi ne ya ari nawa. Mun gama kaɗan, amma kwalin kamar ba a taɓa shi ba, kuma tun da tafiyar wankin ƙoda ta fi ƙarfin jikinsa ya daina yarda mu huta.

Ranar nan 'yan matansa ke wasan ƙarshe na kofin jiha a Damagaram. Ƙanwarsa Fa'iza ce kaftin. Ta so ta zauna, ya rantse in ba ta hau mota ba ba zai ƙara shan magani ba. Da kuka ta tafi.

Bayan azahar aka ɗauke kuran, wato wutar lantarki. Na ɗauko batirin shagona, sai na ga saura kaɗan a ciki, ga wayar Fannami ta mutu. Na faɗa masa ɗaya kawai zai ɗauka, ko tele ko waya. Ya daɗe yana kallon kwalin.

"Bar shi a kan gadar," ya ce. "Sa wayar."

Wata malamar lise da ta raka su ta kira mu da hoto, amma rezo, wato sabis ɗin waya, ba ya shiga ɗakin. Na fita na kife turmi a bakin taga na hau, na ɗaga wayar sama. Hoton ya daskare, sai murya da ihun jama'a. Malamar na faɗa mini, ni kuma ina faɗa masa ta taga. An fi su da takwas.

A lokacin numfashinsa ya canza. Mahaifiyarsa, Ya Adama, ta fito ba mayafi ta kama ƙafata tana roƙona in nemo mota mu kai shi likita. Na ba ta wayar na ruga gidan Ɗan Kasuwa, mai mota a unguwarmu, aka ce motarsa tana Gidigir. Na je tasha, na tare wani mai a-kori-kura yana sauke albasa, ya ce sai ya gama. Na kama buhuna na taya shi. Da muka iso, Fannami ya ce ba inda za shi, hanya ce za ta kashe shi bai ji ƙarshe ba. Na yi masa faɗa, na yi magiya, har na ɗaga shi. Ya yi nauyi kamar ruwa ne a cikin fata. Ya riƙe ƙarfen gado da gwiwar hannu.

"Nawa-nawa, Kawu?"

Na karɓi wayar na koma kan turmin. Saura biyu su kamo. Ya ce in gaya wa malamar su daina neman Fa'iza, an tsare ta, su ba Zaituna ƙwallo a kusurwar hagu. Na yi ta faɗa cikin wayar har muryata ta dushe, ba ta jina. Sai ihu ya cika wayar, ya ƙi ƙarewa. Daga baya na ji malamar tana kuka tana cewa sun ci, Zaituna ce ta jefa daga nesa.

Fannami ya yi dariya, tari ya sarƙe shi. Aka ba Fa'iza wayar tana haki, na miƙa hannu ta taga iyakar inda rezo ya tsaya.

"Yaya, mun ɗauko."

"Na ji. Ki sha ruwa, kada ki tsaya a iska da gumi."

Ya nemi a juya shi gabas. Ya Adama ta ɗora kansa a cinyarta tana laƙƙana masa kalmar shahada, yana bi a hankali. Ana kiran la'asar ya cika. Mai a-kori-kura bai tafi ba, shi ya taya ni wanka, kafin magariba muka kai shi.

Washegari da hantsi motar 'yan matan ta iso. A hanya aka sanar da su. Suka shigo layinmu a jere, dogaye, hijabi a kan rigunan wasa. Ina zaune cikin maza a ƙofar gida na ga sun tsaya a bakin zaure suna kwance igiya. Manyan takalmansu suka jeru a cikin silifas ɗin tsofaffi, da jar ƙasar Damagaram a jikinsu.